Layin faiba da aka gyara sau uku kafin ya zauna

Yadda layin yake tun farko

Makarantar tana wani gari ne a Arewacin Nijeriya, kuma mazauninta biyu. A tsohon mazauni ake da ofisoshi da ɗakin manyan kwamfutoci, ta nan intanet ke shigowa. A sabon mazauni, can bayan gari, akwai zauren jarrabawar kwamfuta da ɗakin karatu. Kebul ɗin faiba guda ɗaya ne ya haɗa su, an binne shi a gefen titi shekara huɗu kafin wannan lamari. Tsawonsa kilomita 5.2, ko da yake mai babur zai rantse maka tafiyar ba ta kai biyar ba. Rarar da ake naɗewa a wuraren haɗi da kwane-kwanen cikin haraba su suka ƙara masa tsawo.

Kebul ɗin mai sili 12 ne, irin G.652 da aka fi binnewa, da sulken ƙarfe a ƙarƙashin baƙar robarsa. Kowane sili gilashi ne mai kaurin maikuron 125, kusan kaurin gashin kai, amma hasken a tsakiyarsa yake bi, ta wata hanya da faɗinta bai wuce maikuron 9 ba. Sili biyu kaɗai ke aiki, shuɗi da ruwan goro, wato na ɗaya da na biyu a jerin launuka. Ɗaya na kai saƙo, ɗaya na dawo da shi. Sauran goman suna kwance ne don ko-ta-kwana.

Da desibel ake auna hasken da ya salwanta a hanya, ana rubuta shi dB, kuma duk dB 3 da aka rasa rabin hasken ne ya tafi. Hasken kuma yana da zango, kamar yadda rediyo ke da gajere da matsakaici. Biyu aka fi aiki da su, 1310 da 1550 a ma'aunin nanomita, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya. Na'urorin SFP da ke bakin wannan layi, waɗanda ke tura hasken su kuma karɓe shi, na kilomita 10 ne masu gudun gigabit 10, a zangon 1310 suke aiki, kuma suna jure asarar da ta kai kusan dB 6. Gilashin kansa yana cin wajen dB 0.35 a kowace kilomita, wato 1.8 a duk tsawon. Haɗe-haɗe huɗu na asali sun ci 0.3, bakunan jona biyu sun ci 0.6. Jimla 2.7, saura rarar da ta haura dB 3. Wannan lissafi mu da aka kira gyara na uku muka yi shi daga baya a kan takarda, domin wanda ya shimfiɗa kebul ɗin bai bar takardar awo ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Janairu: katafila ta tsinka, an yi gyaran farko

Cikin hunturu masu aikin lambatu suka iso gefen titin. Da hantsi haƙorin katafila ya kamo kebul ɗin, direban bai ankara ba sai da ya ɗago shi sama ya tsinke. Saura kwana biyar a fara jarrabawa, don haka hukumar makaranta ta ce a nemo duk wanda zai dawo da layin kafin magariba.

Wanda aka samu mai haɗa kwamfutoci ne a ofisoshi, yana kuma taɓa faiba. Ba shi da injin walda, wanda ke narka bakin sili biyu su zama ɗaya, ba shi da guntun kebul na ƙari. Shi da yaransa suka tone gefe da gefe, suka ja ɓangarorin biyu da ƙarfi har suka taɓa juna. Ya feɗe abin da bai fi kamu biyu ba daga kowane gefe, ya haɗa shuɗi da ruwan goro da haɗin matsi. Wannan ɗan maƙali ne mai kwarmi a ciki, da ɗan mai da ke cike tazarar bakin gilashin biyu: a cusa sili ta nan, a cusa ta can, a danne murfi. Ba a sa wuta. Sauran silin goma ya dunƙule su ya tura cikin akwatin roba dogo, ya naɗe bakinsa da salatif, aka mayar da ƙasa. Zurfin ramin bai kai gwiwa ba.

Fitilar suwic, na'urar da ake cusa SFP a jikinta, ta koma kore da la'asar. An yi jarrabawa lafiya, an biya shi. Ba a auna haske ba.

Maris zuwa Afrilu: ɗaukewar rana

Da bazara ta kama, ɗakin karatu ya fara ƙorafi. Da safe komai daidai, daga azahar zuwa la'asar sai layin ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, da dare ya lafa. Ma'aikatan kwamfuta na makarantar suka fara da abin da ke kusa da hannu. Sun sauya kafar suwic, bai hana ba. Sun zargi zafin ɗaki, aka gyara na'urar sanyaya ɗakin, bai hana ba. Sun zargi wutar janareta, aka sa sabon batir na ajiyar wuta, nan ma shiru.

Daga nan wani ya ba da shawarar a sayo SFP masu ƙarfi, na kilomita 40. Aka sayo biyu. Ranar da za a saka su, shugaban sashen ya ga gajeriyar wayar da ke jona suwic da allon bakunan faiba a tsohon mazauni ta tsufa, ya aiki yaro kasuwa ya sayo sabuwa. Aka sauya duka biyun a zama ɗaya. Layin ya tashi, ɗaukewar rana ta daina, kowa ya yaba wa sababbin na'urorin.

Abu biyu ne ba a lura da su ba a ranar. Na'urorin kilomita 40 a zangon 1550 suke aiki, ba 1310 ba, suna kuma jure asarar kusan dB 11. Sannan kan sabuwar wayar, ta gefen da ke shiga allo, kore ne, alhali bakunan allon shuɗaye ne.

Yuni: ruwan farko da gyara na biyu

An yi ruwa mai ƙarfi cikin dare, da gari ya waye layin ya mutu gaba ɗaya. A wannan karon an nemo mai injin walda. Da aka tono akwatin, salatif ya saki, ciki taɓo ne da tururuwa. Ya wanke da ruwa, ya yanke haɗin matsin, ya yi walda a kan silin biyu.

Mai gadin makarantar da ya riƙe masa lema ya ba mu labarin yadda aka yi. A gindin bishiyar darbejiya aka ajiye injin a kan kwali, manyan motoci na wucewa. Da sifirit ɗin kemis da tishu ya goge gilashin. Ya yi yanka sau da yawa kafin injin ya yarda ya karɓa. Da aka gama, allon injin ya nuna 0.01 a sili na farko, 0.02 a na biyu, ya ɗauki hoton allon da waya ya tura wa shugaban sashen. Silin da ya rage masa bayan yanke-yanken gajere ne ƙwarai, sai ya murɗa shi ya cusa cikin tsohon akwatin, ya ƙara salatif da roba.

Layin ya dawo. Bayan kwana tara ya koma ɗaukewa, kuma yanzu ba ya zaɓar lokaci.

Yuli, rana ta farko: awo

A nan aka kira mu. Shugaban sashen ya tare mu da hoton allon nan, ya ce, "Injiniya, walda kam ta yi, ga shaida. Ina jin kebul ɗin ne ya mutu, a yi mana lissafin sabo." Muka ce a ba mu yini guda tukuna, ba za mu taɓa shebur ba sai mun auna.

Mun fara da fitilar awo a wani mazauni da ma'aunin haske a ɗayan, layin yana yadda muka same shi, da wayoyinsa. A sili shuɗi asara ta kai dB 7.4 a zangon 1310, da 10.7 a zangon 1550. Ruwan goro ma kusan haka. Ke nan tsofaffin na'urorin ba za su ma tashi ba, sababbin kuma a bakin iyakarsu suke rayuwa. Motsi kaɗan a ƙasa ya isa ya tura su waje.

Da muka buɗe durowar allon bakunan tsohon mazauni, koren kan nan ne ya fara yi mana maraba. Shuɗin kai, wanda ake kira UPC, fuskarsa a miƙe aka goge ta. Koren kai, APC, an karkace fuskarsa da digiri 8 don hasken da ya yi tsalle baya kada ya koma cikin sili. Girmansu ɗaya, kore yana shiga ramin shuɗi har ya yi ƙas, shi ya sa yake yaudarar mutane. Amma fuskokin ba sa haɗuwa, gefe ɗaya ne ke taɓawa a bar iska a tsakani. Koren ya cika kasuwa saboda shi masu kai intanet gidaje ke amfani da shi, shi ne kuma aka miƙo wa yaron da aka aika. Mun sa waya mai shuɗin kai, asarar 1310 ta sauko daga 7.4 zuwa 4.9.

A sabon mazauni muka duba fuskar bakin jonar da madubin ƙara girma. Ƙurar hunturu ce da maiƙon yatsa, wani ɗigo ya zauna daidai kan hanyar haske. Aka goge, aka sake dubawa, aka jona: 4.6.

Sai OTDR. Wannan na'ura tana harba haske ne ta saurari abin da ya dawo, ta zana layin daga farko har ƙarshe tana nuna inda aka yi asara da nisansa. Mun sa mata naɗin sili na share fage a gaba, domin ba ta ganin abin da ke daf da bakinta. Tsofaffin haɗe-haɗen duk lafiya lau. A kilomita 3.1, wurin da katafila ta yi ɓarna, zanen ya faɗi da dB 1.9 a zangon 1310. Da muka koma 1550, wuri guda ɗin ya faɗi da 5.9.

Wannan bambanci shi ya faɗa mana abin da ke cikin akwatin tun ba a tono shi ba. Mummunar walda kusan asara ɗaya take ci a zangon biyu. Lanƙwasa kuwa ta fi cin 1550 nesa ba kusa ba, domin hasken wannan zango ya fi saurin tsiyayewa idan sili ya yi kwana mai tsanani. Don haka a wurin akwai walda mara kyau, akwai kuma silin da aka murɗe fiye da kima, na'urar ta haɗa su ta nuna a matsayin abu ɗaya saboda kusancinsu.

Yuli, rana ta biyu da ta uku: gyara na uku

Mun tono akwatin. Silin ruwan goro, kamar shuɗin, an naɗe shi zobe da bai fi faɗin murfin kwalba ba, alhali irin wannan sili ba a son zobensa ya gaza santimita 6 a faɗi. Da muka haska jar fitilar gwaji daga tsohon mazauni, zoben ya yi ja kamar garwashi, hasken na zuba ta gefe. Kebul ɗin kansa a ɗaure yake kamar tsirkiya, babu rarar ko taki ɗaya.

Mun feɗe baya don ganin iyakar ɓarnar. Katafila ba yanka take yi ba, fizga take yi, kuma fizgar tana tafiya cikin kebul nesa da inda ya rabu. A mita 6 daga wurin, ta gefen gari, muka samu sulken ya lotse, sili uku sun karye a cikin bututunsu, roba kuwa ta waje ba ko ƙwarzane. Muka yanke mita 10 daga kowane gefe muka zubar. Muka kawo sabon guntu mai mita 50: 20 don cike giɓin, 15 a naɗe a kowane gefe don mai gyaran gaba ya iya fito da akwati sama ya yi aiki a zaune. Ke nan haɗi biyu za a yi maimakon ɗaya. Shugaban sashen ya yi tambaya a kan haka, ganin cewa kowane haɗi asara ne. Amsar ita ce walda biyu masu kyau ba sa cin dB 0.2, ja-in-ja da gajeren kebul kuwa ga abin da ya riga ya ci.

A bayan mota muka yi waldar, ƙofofi a rufe, ba fanka, gumi na zuba. Kafin a taɓa silin makaranta, an sa injin ya gwada wutarsa a kan guntun sili ya daidaita ta, domin ƙarfin tartsatsin yana sauyawa da zafi da laima da tsufan alluran da ke haifar da shi. An juya wuƙar mayanki zuwa sabon gefe. Sannan sili ɗaya bayan ɗaya: a fara zura rigar kariya mai santimita 6 (duk mai wannan sana'a ya taɓa mantawa da ita sai bayan ya gama walda mai kyau, ya karya da hannunsa), a feɗe rufin, a goge da sifirit na wannan aiki mai tsarkin kashi 99 da ƙyalle mara gashi har gilashin ya yi ɗan ƙara a tsakanin yatsu, a yanka sau ɗaya. Bayan yanka ba gogewa, ba ajiyewa, ba hurawa da baki. Injin yana nuna karkatar yankan, duk wanda ya kai digiri 1 muna sakewa. Tartsatsi ya yi 'yan daƙiƙu, gilashi biyu su zama ɗaya, a jawo riga a sa a ɗan murhun injin ta ƙanƙame.

Guntayen gilashin da ake yankewa a kan baƙin salatif muke manna su. Wani yaron makaranta da ya leƙo ya ɗauki bakin sili zai kai ido don ya ga ko akwai wuta, aka buge hannunsa. Hasken ba a ganinsa, amma yana iya yi wa ido lahani.

Duka silin 12 muka haɗa, walda 24 ke nan, launi da launi. Kowane an naɗe shi a faranti bisa kwarminsa. Akwatunan masu siffar tulu ne, kebul ta ƙasa yake shiga, bakin kuma da robar da ake ƙanƙamewa da zafi. Magina suka yi ramin kankare biyu masu murfi. Sabon guntun an sa shi cikin bututun roba a zurfin mita 1.2, da jan kirtanin gargaɗi a samansa. A tsohon mazauni kuma fuskokin bakunan nan biyu da koren kai ya gurza sun yi tabo, muka yanke wutsiyoyinsu, wato guntayen silin da bakunan ke maƙale a kansu, muka yi waldar sababbi.

Ba mu rufe akwati ba sai da aka harba OTDR daga mazaunin biyu. Sili biyu sun nuna fiye da 0.1 duk da allon injin ya ce 0.02, aka karya aka sake. Wani haɗin ya nuna kamar haske ya ƙaru da 0.06 idan an duba daga gari, daga bayan gari kuma ya nuna asarar 0.16. Walda ba ta ƙara haske. Sabon guntun da tsohon kebul ba kamfani ɗaya ya yi su ba, gilashinsu ya ɗan bambanta wajen mayar da haske baya, shi ya sa ake auna ta gefe biyu: a cire 0.06 daga 0.16 a raba biyu, 0.05 ke nan.

Sakamako

Awon ƙarshe a sili shuɗi: dB 2.8 a zangon 1310, da 2.1 a zangon 1550. Sauran sha ɗayan duk a kusa da haka. Mun cire na'urorin kilomita 40 muka mayar da tsofaffin, domin a layin da ya warke haskensu zai iya fin ƙarfin mai karɓa, sai an sa masa abin rage haske. Layin ya ƙare damina bai ɗauke ba, ya shiga hunturu, an yi jarrabawar zango a kansa.

Hukunci a kan kowane mataki

Gyaran farko ba shi da laifi a matsayin ɗaurin gaggawa. Don irin wannan rana aka yi haɗin matsi, ya kuma fitar da makarantar kunya a makon jarrabawa. Laifin shi ne an bar shi ya zama na dindindin, a kebul ɗin da aka ɗaure tamau a rami mara zurfi, inda zafin rana ke motsa shi kullum yana jan silin daga maƙalinsa. Ɗaukewar azahar daga nan take.

Sayen na'urori masu ƙarfi shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ya rufe ciwon, ya mayar da layin zangon da lanƙwasa ta fi yi wa illa, kuma saboda an sauya abu biyu a rana ɗaya, ya ɓoye asarar dB 2.5 da koren kai ya shigo da ita. Abin da ya fi ba ni takaici a nan, suwic ɗin makarantar yana iya nuna ƙarfin hasken da kowace SFP ke karɓa, umarni ɗaya ake bugawa. Wata shida ana fama ba wanda ya duba.

Mai gyara na biyu ya iya tuƙa injinsa, ban kuma ce ya yi ha'inci ba. Ya gaskata allo ne. Lambar da injin walda ke nunawa ƙiyasi ce daga hoton da kyamarorinsa suka ɗauka, ba haske ya tura ya auna ba, kuma ba ruwansa da abin da aka yi wa silin bayan an ɗauke shi daga kansa. Lanƙwasar da ta ci mafi yawan dB 5.9 ɗin nan a zangon 1550 bayan ɗaukar hoton aka yi ta.

Sabon kebul da aka so a saya zai magance haɗin kilomita 3.1, amma da an jona shi da koren kan nan da bakin da ƙura ta rufe. Abin da aka saya a zahiri mita 50 ne na kebul, akwati biyu, bututu, wutsiya biyu, gajeriyar waya ɗaya da aikin magina.

Mun bar wa sashen zanen OTDR na kowane sili a zango biyu ta gefe biyu, a takarda da kuma cikin kwamfuta, da taswirar da ke nuna ramukan. An manna lambobin awon a jikin durowa. Aikin lambatun dai bai ƙare ba, an tsaya ne saboda damina, kuma akwai wajen kilomita biyu a gabansa inda tsohon kebul yake kwance ba bututu ba kirtanin gargaɗi. Makarantar ta sa an kafa turakun kankare a kan hanyar, ta kuma ba mai gadin sabon mazauni lambar shugaban sashen, ya kira da zarar ya ga an sauke katafila.